TAUSA MAI TAUSHI: TAIMAKO GA MAI KUMBURIN ƘAFA KO HANNU

Wanda ke yawon kasuwannin ƙasarmu, daga Damagaram zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Dosso, ba zai rasa ganin wani bawan Allah da ke jan ƙafar da ta kumbura ta yi nauyi ba. Wani ya rufe tasa da babban wando, wata ta sauke zane har ƙasa don kada a gani. Hausawa na kiran wannan ciwo tundurmi. Akwai kuma matan da hannunsu ke kumbura bayan an yi musu aikin ciwon daji na nono. Cututtukan biyu ne, amma tushen kumburin ɗaya ne: wani ruwa ne na jiki ya rasa hanyar wucewa, ya taru a ƙarƙashin fata.

Irin wannan kumburi na hana manomi zuwa gona a tsakiyar damina, yana hana mace zuwa rijiya da kasuwa, wani lokaci har ya raba aure. Don haka a yau shafinmu zai yi bayani kan wata irin tausa da likitoci ke koyarwa domin taimakon wannan ruwa ya sami hanya. Ba ta buƙatar kuɗi ko na'ura, sai hannu mai tsabta da haƙuri. Amma tana da ƙa'idoji, kuma akwai kumburin da in aka tausa shi an jawo wa mai shi halaka. Sai a karanta a hankali, har ƙarshe.

Farin ruwan jiki da magudanansa

Kowa ya san jini. Amma ban da jini, akwai wani ruwa da ke zagaya jikin ɗan Adam. Fari ne garau ko mai ɗan rawaya, yana kama da ruwan da ke fita in bororon hannu ya fashe bayan riƙon hauya. Da Faransanci likitoci na ce masa lamf. Mu a nan za mu kira shi farin ruwan jiki.

Ga yadda yake samuwa. Zuciya na tura jini cikin jijiyoyi manya da ƙanana, har zuwa waɗanda suka fi gashin kai siranta. Daga waɗannan ƙananan jijiyoyi ruwa ke tsattsafowa, yana kai wa tsoka da fata abinci. Ruwan da ya fita dole ne ya koma, in ba haka ba jiki ya cika ya kumbura. Shi ya sa Allah ya halicci wasu magudanai na dabam, waɗanda ke farawa dab da fata, suna kwashe ruwan tare da dattin da ke cikinsa da ƙwayoyin cuta. Ƙananan magudanai na zuba cikin manya, manyan kuma suna bi ta ciki da ƙirji, har su juye ruwan cikin jijiyoyin jini a gindin wuya. A kowace rana abin da ke komawa cikin jini ta wannan hanya ya kai lita 2 zuwa 4.

A kan hanyar akwai tashoshi masu kama da ƙwayar wake, wajen 600 a jikin mutum. Sun fi yawa a wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ciki. Aikinsu tace ruwan, kamar yadda mace ke tace gasara, da kuma yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan yaro ya yi miki a ƙafa aka ce kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ɗaya daga cikin tashoshin nan ce ta kumbura saboda yaƙin da take yi.

Jini na da zuciya mai tura shi, amma farin ruwa ba shi da ita. Abubuwan da ke tafiyar da shi su ne motsin tsoka in mutum na tafiya ko aiki, da numfashi, da ɗan matsewar da magudanan ke yi da kansu sau kaɗan a cikin minti. Cikin kowace magudana akwai ƙananan ƙyamare masu buɗewa ta gefe ɗaya kawai, don kada ruwan ya komo baya. Tafiyarsa a sannu take, kuma abu kaɗan na iya tsayar da ita.

Me ke toshe hanya?

A ƙasashenmu babban dalili shi ne wata tsutsa siririya kamar zare, wadda sauro ke yaɗawa. A Afirka ta Yamma, sauron da ke kawo zazzaɓi shi ne dai ke ɗauke da ita. Ba cizo ɗaya ke kawo ciwon ba, sai an daɗe ana shan cizo, watanni ko shekaru, kamar yadda yake faruwa ga masu zama kusa da fadamu da tabkuna ba tare da sange ba. Yawanci tun ana yara tsutsar ke shiga jiki. Tana yin sheƙa cikin magudanan farin ruwa, ta rayu shekara 6 zuwa 8, tana haihuwar miliyoyin ƴaƴa da ke yawo cikin jini, galibi da dare. Zamanta na buɗa magudanan, ya lalata ƙyamarensu. Sai bayan shekaru ƙafa ta soma kumburi, ko hannu, ko nono. Ga maza kuma takan kawo gwaiwa.

Saboda haka tundurmi ba sammu ba ne, kuma ba wani asiri mutum ya taka ba. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko wanke ƙafar mai shi. Matar da ke jinyar mijinta, ko ɗan da ke jinyar mahaifiyarsa, babu abin da zai same su.

A shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙaddamar da yaƙi da wannan cuta. A ƙiyasinta na farko, maza miliyan 25 ne ke da gwaiwa saboda ita, mutane fiye da miliyan 15 kuma ke da kumburin gaɓoɓi. A Nijar an soma rabon ƙwayoyin ibamaktin da albandazol ga jama'a a shekarar 2007. Togo ta ci nasarar kawar da cutar a 2017, Malawi kuma a 2020. Sai dai maganin rabo ƴaƴan tsutsa yake kashewa, domin sauro ya daina ɗauka daga wannan ya kai wa wancan. Ba ya gyara magudanar da ta riga ta lalace. Wanda ƙafarsa ta kumbura yana buƙatar kulawa har tsawon rayuwarsa, ko da an gama da tsutsar a garinsu.

Dalili na biyu shi ne aikin asibiti. Idan aka yi wa mace aikin ciwon daji na nono, sau da yawa akan cire tashoshin da ke hammatarta, ko a gasa wurin da na'ura, domin a tsare yaɗuwar ciwon. Ceton rai ne, amma hanyar farin ruwan hannu ta ragu. Kimanin mace 1 cikin 5 da aka yi wa wannan magani hannunta kan kumbura, wata bayan ƴan watanni, wata bayan shekaru. Babban rauni, da ƙuna, da mikin da ya daɗe su ma suna iya ɓata magudanai. Akwai kuma ƙalilan da aka haifa da magudanai marasa ƙarfi.

Asalin wannan tausa

Wani mutumin ƙasar Danmak mai suna Emil Vodder, tare da matarsa Estrid, su suka tsara ta. A farkon shekarun 1930 suna aikin tausa a kudancin Faransa, sai suka lura cewa masu murar da ta ƙi jin magani kan zo da kaluluwa a wuya. A zamanin, likitoci na hana taɓa irin wannan wuri. Su kuwa suka gwada shafa shi a hankali, cikin zagaye, ba tare da dannawa ba. A shekarar 1936 suka bayyana dabararsu a birnin Paris. Daga baya likitocin Jamus suka haɗa ta da ɗaurin bandeji, da motsa jiki, da tsabtar fata, ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙai 4 na jinyar kumburin farin ruwa. A manyan asibitoci, ma'aikatan da ke koya wa majinyata motsa gaɓoɓi, waɗanda ake kira kine, su ne suka fi sanin wannan aiki.

Dalilin da ya sa ba a sa ƙarfi

Mu Hausawa mun san tausa tun kaka da kakanni. Manomi in ya dawo daga gona a gajiye akan danna masa baya, maijego ma akan gasa mata jiki a matsa da ƙarfi. Waccan tausar tsoka ce, kuma tsoka na can ciki. Magudanan farin ruwa kuwa dab da fata suke farawa, kuma ba su da kauri. In aka danna da ƙarfi sai su lanƙwashe su rufe, jini kuma ya ƙaru a wurin, ruwan da ke tsattsafowa ya daɗu. Mai neman ragi ya samu ƙari ke nan.

Abin da ake so shi ne tafin hannu ya kwanta a kan fata, ya ja ta kaɗan zuwa inda ake son ruwan ya nufa, sannan ya sake ta ta koma da kanta. Wannan ja da saki shi ke buɗe bakin ƙananan magudanai. Nauyin hannun kada ya wuce wanda uwa ke sawa in tana shafa kan jariri. Idan fata ta yi ja, ko mai ciwo ya ji zafi, an wuce ƙima.

Ƙa'ida ta biyu, masu aikin lambu sun riga sun san ta. In magudana ta cushe ruwa ya kwanta a fangali, ba daga inda ruwan ya kwanta ake fara yasa ba. Daga bakin da zai fita ake farawa, a yi ta yashewa ana komowa baya. To, bakin magudanar jiki a gindin wuya yake. Shi ya sa mai kumburin ƙafa ma daga wuyansa ake fara tausa, ƙafar ita ce ta ƙarshe.

Yadda ake yi wa ƙafa

Kafin a fara, wajibi ne a je likita a tabbatar da irin kumburin, kuma in da hali a ga yadda ma'aikacin lafiya ke yi da hannunsa. Bayanin da ke ƙasa tunatarwa ce ga wanda aka riga aka ba izini. Mai ciwo na iya yi wa kansa, ko wani nasa ya yi masa. A wanke hannu da sabulu, a yanke farce, a cire zobe. Ba a sa mai lokacin tausa, domin hannu zai riƙa zamewa maimakon ya ja fata.

1. A kwanta rigingine a kan tabarma, a ɗora ƙafar bisa matashi. A sa hannu a ciki, a ja numfashi ta hanci har cikin ya taso, a fitar a hankali ta baki. A yi haka sau 5.

2. A sa yatsu a ɗan ramin da ke gindin wuya, bisa ƙashin da ya gitta zuwa kafaɗa, dama da hagu. A ja fatar a hankali zuwa ƙasa da tsakiya, a saki. Sau 10.

3. A sa tafin hannu a hammatar da ke gefen ƙafar mai ciwo, a motsa fatar cikin ɗan zagaye. Sau 10.

4. A shafa gefen jiki daga ƙugu zuwa hammata, taki-taki, ana jan fata sama. Wannan na nuna wa ruwan wata hanya, tun da tashoshin matsematsi sun raunana. Sau 10.

5. A sa tafin hannu a matsematsi, a yi zagaye mai taushi zuwa sama. Sau 10.

6. A koma cinya. A fara daga samanta, sannan tsakiya, sannan kusa da gwiwa. A kowane wuri ana jan fata zuwa sama da wajen ƙugu.

7. A shafa kewayen gwiwa da bayanta, ana nufar sama.

8. A rungumi ƙwauri da hannu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. A fara daga ƙarƙashin gwiwa a gangara zuwa idon sawu, amma kowane ja sama yake nufa.

9. A yi idon sawu, da bayan ƙafa, da yatsu ɗaya bayan ɗaya.

10. A komo sama ta hanyar da aka bi, har zuwa hammata da wuya, a rufe da numfashi sau 5.

Duka aikin minti 15 zuwa 20 ne, sau 1 ko 2 a rana. Ba a gaggawa: kowane ja da saki ya ɗauki kamar tsawon numfashi ɗaya. Ba a bi ta kan miki, ko ƙurji, ko wurin da ke zafi. Wasu kan ji fitsari ya matsa musu bayan an gama, wannan ba abin tsoro ba ne.

Ga mace mai kumburin hannu, farawar ɗaya ce: numfashi da gindin wuya. Amma tun da tashoshin hammatar da aka yi wa aiki sun ragu, ba can ake tura ruwa ba. Ana shafa ƙirji daga gefen ciwo zuwa hammata mai lafiya, da kuma gefen jiki zuwa matsematsin ɓangaren ciwo. Sannan a yi kafaɗa, da damtse, da gwiwar hannu, da wuyan hannu, har yatsu. Kada ta fara sai likitan da ya yi mata aiki ya yarda, kuma kada a taɓa fatar da aka gasa sai ta warke sarai.

Amfaninta da iyakarta

Mai yin wannan tausa kullum yakan ji nauyin gaɓar da ɗaurewar fata sun ragu, lanƙwasa gwiwa ko yatsu ya yi sauƙi, barci ya yi daɗi. Tana kuma sa mutum ya riƙa duban ƙafarsa kowace rana, ya ga ƙaramin rauni tun bai zama babba ba. Akwai wani amfanin da ba a aunawa da ma'auni: wanda mutane suka daɗe suna ƙyama, in ɗansa ko matarsa suka zauna suka riƙe ƙafarsa, zuciyarsa na samun sanyi.

A shekarar 2015 wasu masana suka tattara binciken da aka yi kan mata masu kumburin hannu bayan ciwon daji na nono. Sun ga tausar ba ta cutarwa, kuma in an haɗa ta da ɗaurin bandeji tana iya ƙara rage kumburi, musamman ga wadda nata bai yi tsanani ba. Ma'ana, tun da wuri ta fi amfani, lokacin da kumburi ke saɓewa in an kwana, ya dawo da yamma. In fata ta riga ta yi kauri ta yi ninki, abin da tausa za ta rage kaɗan ne.

Tausa ba ta kashe tsutsa, ba ta mayar da tashoshin da aka cire, ba ta warkar da tundurmi. Gwaiwa kuwa ba a tausa ta ko kaɗan: maganinta ƙaramin aiki ne a asibiti, kuma ana warkewa. A birane akan ji masu tallar cewa irin wannan tausa na rage ƙiba ko wanke dattin jikin mai lafiya. Babu tabbacin haka. Mai lafiya magudanansa na aikinsu, tafiya da aikin yau da kullum sun ishe shi, kada ya ɓarnatar da kuɗinsa.

Abin da ya fi tausa muhimmanci

Ƙafar da farin ruwa ya kwanta a cikinta ba ta iya kare kanta daga ƙwayoyin cuta. Ƙaramar ƙofa ta ishe su shiga: faso a dunduniya, cin ruwa a tsakanin yatsu, sukar ƙaya ko ƙarangiya, saran fartanya. Da sun shiga sai zazzaɓi mai tsanani ya taso, kuma kowane tashi na ƙara ɓata magudanai, ƙafar ta ƙara girma. Wannan zazzaɓi mai komowa shi ke mayar da ƙaramin kumburi tundurmi. Don haka ga masu wannan ciwo OMS ta sa tsabta a gaban kome. In lokaci ya ƙure wa mutum a tsakiyar aikin damina, gara ya bar tausa da ya bar wanki.

Wanki: a wanke ƙafafu biyu da sabulu da ruwa mai tsabta wanda ba mai zafi ba, safe da dare, ko aƙalla kowane dare. A fara daga gwiwa a gangara. A bi tsakanin yatsu da cikin ninkin fata da tsumma mai laushi. Kada a goge da dutse ko soso mai kaushi.

Busarwa: a tsane ruwan da ƙyalle mai tsabta, musamman tsakanin yatsu, domin danshi ke kawo cin ruwa. Bayan nan a shafa man kaɗe a inda fata ta bushe, ban da tsakanin yatsu. In an ga rauni, a nemi maganin shafawa a likita.

Ɗagawa: in ana zaune ana hira, ko sussuka, ko ɓarar gyaɗa, a ɗora ƙafar bisa kujera. Da dare a sa matashi ƙarƙashin ƙafar tun daga gwiwa, ta ɗan fi ƙirji tudu. Mai ciwon zuciya ya tambayi likita kafin ya yi haka.

Motsi: a dafa bango a ɗaga dunduniya a tsaya bisa yatsu, a sauka, sau 10. A zaune kuma a juya idon sawu, a lanƙwasa ƙafa sama da ƙasa. Doguwar tsayuwa wuri ɗaya ba ta da kyau, amma tafiya na da amfani.

Takalmi: kada a shiga gona ko garke ba takalmi. A kai wa baduku awon ƙafar ya ɗinka wanda ya dace, marar matsi, mai barin iska ta shiga.

Bandeji na taimako ƙwarai, amma sai wanda ya koya ne zai ɗaura shi. Ɗaurin da aka yi da roba ko tsumma a gida na iya tsare jini. Haka kuma a guji tsaga, da ƙaho, da sakiya, da lalas a gaɓar da ta kumbura. Wanzami na da ayyukansa, amma wannan ba ya ciki: ruwan ba a jaka ɗaya yake ba balle a huda ya fita, kuma kowace tsaga sabuwar ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Kowa a gidan kuma ya kwana cikin sange.

Ranar da zazzaɓi ya taso

Alamominsa su ne: ƙafa ta yi zafi, ta yi ja ko sheƙi, tana zogi, kaluluwa ta fito, jiki na rawar sanyi, wani lokaci da amai. A ranar nan a dakatar da tausa, da motsa ƙafa, da bandeji, domin tausa na iya tura ƙwayoyin cuta cikin jiki. A jiƙa ƙyalle da ruwan randa mai tsabta a lulluɓe ƙafar, ana sakewa in ya ɗumama. A sha ruwa da yawa, a sha farasitamol, a ci gaba da wanki a hankali gwargwadon yadda za a iya jurewa. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a fasa bororo, kada a ɓare fatar da ke saɓa. A kai mai ciwo likita a ranar, domin yana iya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba a komawa tausa sai zazzaɓi da zafin sun wuce sarai.

Kumburin da ba a tausawa

Ba kowane kumburi ne na farin ruwa ba. Waɗannan 5 likita suke buƙata da gaggawa:

1. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, in an danna da yatsa wurin ya lotsa. Wannan alamar tamowa ce mai tsanani, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. A kai shi likita a ranar.

2. Mace mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, tana ciwon kai ko ganin duhu-duhu. Hawan jini ne mai iya kawo jijjiga, ya halaka uwa da ɗa.

3. Wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, yana haki, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Zuciya ce ta gaza, kuma tausa za ta ƙara mata kaya.

4. Wanda fuskarsa ke kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu, ko cikinsa ya cika da ruwa. Ƙoda ce ko hanta.

5. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura farat ɗaya tana ciwo, musamman maijego, ko wanda ya daɗe a kwance, ko wanda ya yi doguwar tafiya a mota. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. In aka tausa, gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe huhu, mutum ya mutu nan take.

Haka nan wanda ke da ƙullutu mai tauri da ba a san asalinsa ba, ko ciwon dajin da ba a yi wa magani ba, kada a tausa shi sai da izinin likita.

Kumburin farin ruwa kuwa a sannu yake zuwa, galibi a gaɓa ɗaya, ko ɗaya ta fi ɗaya. Akwai wata alama da ma'aikatan lafiya ke dubawa: in aka gwada tsunkule fatar gindin yatsan ƙafa na biyu aka kasa ɗaga ta saboda kauri, to ana zaton farin ruwa ne. Duk da haka, hukuncin na likita ne.

Alƙalami ma na da aiki

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana da makamin da zai taimaki mai wannan ciwo. A sami ma'aunin tela da ƙaramin littafi. Sau ɗaya a wata, da safe, a auna kaurin ƙafar a wurare 3: tsakiyar ƙafa, da bisa idon sawu, da tsakiyar ƙwauri. A riƙa aunawa a wuri ɗaya kullum, a rubuta kwanan wata da santimita. A wani shafin a rubuta duk ranar da zazzaɓi ya taso da yawan kwanakin da ya yi. Ido na mantuwa, amma rubutu ba ya yi. In bayan wata 6 aka ga awo bai ƙaru ba, zazzaɓi kuma ya ragu, to aikin na ci, ko da ƙafar ba ta koma kamar da ba. In kuwa awo na hawa, a ɗauki littafin a kai wa likita.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Mai kumburin da ya riƙe wanki, da ɗagawa, da motsi, da takalmi, ya ƙara da tausa mai taushi, yana iya noma gonarsa ya ci kasuwarsa kamar kowa. Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi a aji, masu karatu kuma su kai shi gidan duk wanda suka sani yana ɓoye ƙafarsa, su karanta masa, su raka shi likita. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.